Kunne Ya Girmi Alƙalami: Gaɓa da Lafazi a Aikatau na Faransanci

Duk wanda ya zauna a bencin lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi ko Damagaram ya san ranar shifta. Mushe, wato malami, yana zagaya aji, hannu a baya, yana karantawa sannu a hankali: *les enfants jouent dans la cour*, wato yara suna wasa a farfajiya. Yaro ya kasa kunne, ya ji “ju”, gaɓa ɗaya tal, ya rubuta *joue*. Da aka dawo masa da littafinsa sai ga jan biro, an ƙara masa *nt* a ƙarshe, an kuma zaftare maki. Washegari aka ce ya tashi ya karanta jimlar a allo. Da yake ya sha wuya jiya, sai ya ba kowane harafi haƙƙinsa, ya ce “ju-wan”. Aji ya fashe da dariya. Jiya laifinsa bai rubuta abin da bai ji ba, yau laifinsa ya faɗi abin da ya gani.

Yaron ba daƙiƙi ba ne. Ya ci karo ne da wani hali na Faransanci da ba kasafai ake bayyana wa mai koyo a fili ba: aikatau na wannan harshe yana da tsari biyu, ɗaya na ido, ɗaya na kunne, kuma ba koyaushe suke tafiya tare ba. Wanda ya gane inda suka rabu, rabin wahalarsa ta ƙare.

Gaɓar takarda da gaɓar baki

Bahaushe ya saba da rubutu mai riƙon amana wajen gaɓa. Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Idan ka rubuta ma-ka-ran-ta, gaɓa huɗu ka gani, huɗu kuma za ka furta. Abin da boko ke ɓoye mana shi ne tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙawa suka zo da rubutu ɗaya. Ke nan mu muna faɗin fiye da abin da muke rubutawa. Faransawa kuwa suna rubuta fiye da abin da suke faɗi.

Ɗauki *appeler*, kira. A takarda, idan layi ya ƙare aka so raba kalmar, *ap-pe-ler* ne, gaɓa uku. A bakin mutumin Faris kuwa “a-ple” ne, gaɓa biyu: *p* ɗaya ake ji, *e* na tsakiya ya ɓace, *r* na ƙarshe ba ya motsi. Bahaushe da ya san bambancin baba da babba yakan so ya danna baƙin nan da ya gani biyu, alhali a Faransanci yawancin irinsa ado ne na rubutu. Wuraren da ake dannawa da gaske kaɗan ne, kuma a nan kunnen Bahaushe ya fi na mutane da yawa: *je courais*, ina gudu a da, da *je courrais*, da na yi gudu, tsawon *r* kaɗai ya raba su. Haka *il mourait* da *il mourrait*.

Dokokin raba kalma a ƙarshen layi ba su da yawa. Ana raba baƙi biyu masu kama, kamar *don-ner*. Galibi ba a raba baƙi da *r* ko *l* da ke bin sa, sai a ce *ou-vrir*. Ba a raba *ch* ko *gn*, domin sauti ɗaya suke wakilta. Ba a yanka kusa da *y* ko *x* idan suna tsakanin wasula, don haka *payer* ba ya rabuwa. Wannan aikin mai buga littafi ne da mai rubuta wasiƙa. Aikin da ya fi cin rai shi ne na baki.

Wutsiyar da ba ta motsi

Mafi yawan aikatau na Faransanci, kusan tara cikin goma, suna ƙarewa da *-er*. Ga *parler*, yin magana, a lokaci mai ci: *je parle, tu parles, il parle, nous parlons, vous parlez, ils parlent*. Mutum shida, rubutu iri biyar, lafazi iri uku kacal. Huɗu daga ciki “parl” ne, gaɓa ɗaya. Sauran biyun su ne “par-lon” da “par-le”, kuma *n* ɗin nan gunna ce a kan wasali, harshe ba ya taɓa hanƙa. A shuɗaɗɗen lokaci mai ci gaba ma haka: *parlais, parlait, parlaient* duk sauti ɗaya. Sannan *parler, parlez, parlé, parlée, parlés*, waɗanda suka fi kowa cinye makin yara a shifta, duk “par-le” ne.

Wanda ya yi makarantar allo ba baƙo ba ne ga irin wannan. A Larabci ana rubuta alif bayan wawun jam'i a ƙarshen fi'ili, kamar a “katabu”, sun rubuta, amma ba wanda ke furta shi. Ido ake yi wa alama cewa masu aikin suna da yawa. To *-ent* na *parlent* ɗan'uwan alif ɗin nan ne, har wurin zamansu ɗaya: ƙarshen aikatau na jam'in waɗanda ba sa nan.

Asalin abin daga Latin ne, uwar Faransanci. A can *cantat* yana waƙa ne, *cantant* suna waƙa, kuma kowane harafi ana jin sa. A hankali baƙaƙen ƙarshen kalma suka riƙa zubewa a bakin mutanen arewacin Faransa, *e* na ƙarshe ya bi su, har ya zama kafin ƙarshen ƙarni na 17 *chante* da *chantent* sun haɗe a kunne. Rubutu ne ya tsaya inda yake. Sifaniyanci, wanda uwarsu ɗaya, ya riƙe bambancinsa, *canta* da *cantan*, shi ya sa mai magana da shi yake iya barin wakilin suna ya faɗi aikatau kaɗai. Bafaranshe ba shi da wannan dama. Dole ya ce *je*, *tu*, *il*, domin a nan ne kunne ke gane mai aikin.

A nan ne abin ya zo gida. Mu ma haka muke yi: na tafi, ka tafi, ya tafi, mun tafi, kun tafi, sun tafi. Aikatau yana nan yadda yake, ɗan abin da ke gabansa ne ke sauyawa. Faransancin baki ya yi nisa a kan wannan hanya, musamman da yake a hirar yau da kullum *on parle* ya kusa ture *nous parlons*. Shi kuwa *on* a asali daidai yake da “an” ko “ana” namu. Saboda haka *je parle, tu parles, il parle, on parle, ils parlent* duk “parl” ne, *vous* kaɗai ya fita zakka. Bahaushe mai jin tsoron jadawalin tasrifi na littafin Bescherelle, da zai rufe littafin ya saurara, da ya tarar da tsarin da ya yi kama da na harshensa.

Inda *-ent* ke da rai

Sai dai kada a ɗauka duk *-ent* matacce ne. A suna da sifa ana furta shi. *Le président*, shugaba, gaɓa uku ne, “pre-zi-dan”. *Ils président*, suna shugabanta, gaɓa biyu, “pre-zid”. Haka *content*, mai farin ciki, da *ils content*, suna ba da labari. A cikin aikatau kansa akwai waɗanda haruffan nan na jikin saiwarsu ne, kamar *il vient*, *il sent*, *il ment*, kuma ana jin wasalinsu. Shi ya sa *il convient*, ya dace, yake “kon-vyan”, amma *ils convient*, suna gayyata, yake “kon-vi”. Rubutu ɗaya, kuma ba abin da zai fitar da kai sai ka dubi wanda ke gaban kalmar. Irin wannan tarko yana jikin *-tions* ma: *les notions* ana cewa “no-syon”, *nous notions* kuwa “no-tyon”, domin *t* ɗin na saiwar *noter* ne.

Akwai kuma kalmomin da wasula suka cika su har ido ya ɗauka gaɓoɓi ne da yawa. *Aient*, *soient*, *voient*, *créent*, kowannensu gaɓa ɗaya ne. *Eu* na *j'ai eu* sauti ɗaya ne, irin na *u* a *tu*. *Nous faisons* kuma ba a furta *ai* ɗinsa yadda aka saba, raunanan wasali ne ke wurin.

Baƙin da ke farkawa

Ko da yake *-ent* ba ya magana, yana da aiki: yana tayar da baƙin da ke gabansa daga barci. A aikatau da ba na *-er* ba, nan ne kunne ke rarrabe tilo da jam'i. *Il dort* “dor” ne, *ils dorment* “dorm”. *Il part* da *ils partent*, “par” da “part”. *Il lit* da *ils lisent*, “li” da “liz”. *Il finit* da *ils finissent*, “fi-ni” da “fi-nis”. Lura cewa adadin gaɓa bai ƙaru ba, buɗaɗɗiyar gaɓa ce ta rufe, ko rufaffiya ta ƙara baƙi. Wani lokaci wasalin ma yakan sauya, kamar *il vient* da *ils viennent*, ko *il prend* da *ils prennent*, inda gunna ta tafi, *n* na gaske ya zo.

Nan ne harshen Bahaushe ke tuntuɓe. Ba mu da gaɓa mai ƙarewa da baƙi biyu, kuma ba ma fara kalma da baƙi biyu, sai mu cusa wasali a tsakani. Haka *préfet* ya zama farfe a Hausar Nijar, *le docteur* ya zama lokotoro. Don haka “dorm” yakan fito “dorma”, “prend” ya fito “paran”. A kalmar aro wannan ba laifi ba ne, haka kowane harshe ke yi wa baƙonsa. A cikin Faransanci kuwa ƙarin wasali yana iya sauya lokaci gaba ɗaya: wanda ya so cewa *il parle*, yana magana, ya ƙara “a”, ya faɗi *il parla*, ya yi magana. Idan “e” ya ƙara, an ji *il parlait*.

Hanya ta biyu da baƙi ke farkawa ita ce haɗuwar kalma da kalma. Masu tajwidi sun san cewa kalma tana da hukunci idan an yi waƙafi, tana da wani idan an sadar. Faransanci harshen sadarwa ne: ba ya yanka gaɓa a kan iyakar kalma, yana yankawa ne a cikin numfashi guda. *Il arrive* a baki “i-la-riv” ne, *l* ya bar gidansa ya koma maƙwabta. *Ils arrivent* kuwa “il-za-riv”, *s* da ke barci ya tashi da sautin “z”. Wannan “z” ita ce kaɗai shaidar jam'i a nan, alhali *il parle* da *ils parlent* ba su da ko ita. Sakaci da ita yana da tsada: *ils ont*, suna da, “il-zon” ne, *ils sont*, su ne, “il-son”. *Vous avez*, kuna da, da *vous savez*, kun sani, haka suka rabu.

A tambaya ma, idan aka juya kalmomin, *t* na ƙarshe yana fitowa: *dort-il* “dor-til”, *parlent-ils* da *t* a fili. *Vend-il* ana jin *d* ɗinsa kamar *t*. Kunne ya saba da wannan *t* har aka shigar da shi inda babu shi a rubutu, aka sami *parle-t-il* da *a-t-il*. Haka umarni *va* yake samun *s* a *vas-y*, “va-zi”. Sai kuma harafin *h*, wanda ba a furta shi ko'ina, amma a wasu kalmomi yana tsayawa kamar katanga: ana cewa *j'habite* da “il-za-bit”, amma *je hais* da *ils hurlent* ba sa karɓar sadarwa. Wannan sai hadda.

Wasalin da ke zuwa yana tafiya

Babban mai rikita lissafin gaɓa shi ne *e* marar alama a tsakiyar kalma. Raunanan wasali ne, a nan za mu rubuta shi da ə. Halinsa shi ne ya ɓace duk inda ya sami hanya. *Acheter* “ash-te”, *nous achetons* “nu-zash-ton”, *j'aimerai* “jem-re”. Abin da ke tsare shi shi ne cunkoson baƙaƙe. A 1894 masanin sauti Maurice Grammont ya tsara abin da aka sani da dokar baƙi uku: idan faɗuwar ə za ta haɗa baƙi uku wuri ɗaya, yakan zauna. Shi ya sa *je parlerai* yake “par-lə-re”, *j'entrerai* yake “jan-trə-re”. Kalma ɗaya ma tana sauyawa gwargwadon maƙwabcinta: *vous demandez* yana iya zama “vud-man-de”, amma *ils demandent* “il-də-mand” ne. Dokar tana da togaciya, amma jagora ce mai kyau ga mai koyo. Idan kuma *e* ɗin ya biyo wasali, to ba a furta shi sam: *je jouerai* “ju-re”, *j'étudierai* “je-tu-di-re”.

Wannan wasali ba ya iya ɗaukar nauyin gaɓar ƙarshe ta irin waɗannan aikatau. Da zarar wutsiya ta yi shiru, nauyi ya dawo kansa, sai ya rikiɗa ya zama cikakken wasali buɗaɗɗe: *nous achetons* amma *j'achète*, *nous levons* amma *je lève*, *nous appelons* amma *j'appelle*, *nous jetons* amma *je jette*. Alamar da ke kan *è* da ninkin *ll* ko *tt* hanya biyu ce ta rubuta abu ɗaya. Yara sukan haddace waɗannan a matsayin jerin kalmomi masu taurin kai, alhali dalili ɗaya ne ke tafiyar da su. Dalilin nan kuma tsoho ne, tun daga inda Latin ke ɗora nauyin kalma. Shi ne ya haifi *il vient* da *nous venons*, *il doit* da *nous devons*, *il peut* da *nous pouvons*, *il meurt* da *nous mourons*. Duba da kyau: koyaushe *nous* da *vous* suna gefe ɗaya, sauran huɗun suna ɗaya gefen, domin su biyun ne kaɗai ke da wutsiya mai sauti.

Harafin *i* ma yana da nasa wasan. A *nous voulions* ya zama kamar “y”, gaɓa biyu, “vu-lyon”. A *nous voudrions* kuwa ya tsaya da ƙafarsa, gaɓa uku, “vu-dri-yon”, domin baƙi da *r* sun riga sun cika farkon gaɓar. Haka *étudier* yake “e-tu-dye”, *crier* yake “kri-ye”. Wanda ya kama wannan ba zai haɗa *nous monterions*, da mun hau, “mon-tə-ryon”, da *nous montrions*, muna nunawa a da, “mon-tri-yon” ba.

To gaɓa nawa ce daidai?

Amsar ta danganta da bakin da ke magana. *Je ne sais pas*, ban sani ba, gaɓa huɗu ne idan ana karatu a tsanake, uku a magana ta yau da kullum, biyu a titin Faris, inda ya koma “she-pa”. Mutanen kudancin Faransa, na Marseille da Toulouse, suna furta ə da na arewa suka yar, har *parle* ya zama gaɓa biyu. A Yamai da sauran biranen Afirka ta Yamma ma ana yawan jin *acheter* da gaɓa uku, kuma ba abin mamaki ba ne ga harshen da ya shigo ta allo da littafin koyon karatu irin su Mamadou et Bineta na André Davesne, inda ake bin kalma gaɓa-gaɓa.

Waƙa kuma tana da nata hisabin. Mawaƙin Hausa na rubutacciyar waƙa nauyin gaɓa yake aunawa, wannan mai nauyi, wannan marar nauyi. Na Faransa adadi yake ƙirgawa. Baitin da Corneille da Racine da Molière suka yi wasanni da yawa da shi a ƙarni na 17 gaɓa 12 ne, kuma a cikinsa ana ƙirga ə idan baƙi ya biyo shi, a share shi idan wasali ne ko ƙarshen layi. Don haka *parlent* da yake gaɓa ɗaya a kasuwa yana iya zama biyu a tsakiyar baiti.

Rubutun kansa ba saukakke ba ne, an sha taɓa shi. Majalisar kula da harshen, Académie française, wadda Richelieu ya kafa a 1635, ta fitar da ƙamusunta na farko a 1694. Ta daɗe tana rubuta *il parloit* bayan baki ya bar wannan lafazi, Voltaire ya yi ta kiran a gyara, amma sai a bugun 1835 ta karɓi *parlait*. A 1990 aka sake kawo gyare-gyare: aka ba da damar rubuta *je cèderai* maimakon *je céderai* don ya dace da furuci, aka kuma daidaita aikatau masu *-eler* da *-eter* a kan *è*, ban da *appeler* da *jeter* da danginsu. Amma ba wanda ya taɓa *-ent*, kuma akwai hujja. Masu kare shi suna cewa shi ne ke nuna wa mai karatu wane ne ya yi aikin a doguwar jimla, tun kafin ya kai ƙarshenta. Masu suka kuma suna nuna shekarun da yara ke ɓatawa kan haruffan da ba a ji. Kowa da gaskiyarsa. Mu ma da muka zaɓi sauƙin rubutu, muka bar karin sauti a waje, baƙo mai koyon Hausa ne ke biyan kuɗin.

Abin da ya rage wa mai koyo

Tun 2025 Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk da haka takardun ofis da jarrabawa da littattafai masu yawa suna nan da Faransanci, haka abin yake a Kamaru da Chadi, kuma ɗaliban jami'o'in Najeriya masu nazarinsa suna zuwa cibiyar koyon Faransanci ta Badagry don su goge baki. Matsalar yaron nan ba ta kusa ƙarewa ba.

Maganinta kuwa a jeranta aiki ne. A fara da kunne: a faɗi “parl, parl, parl, par-lon, par-le, parl” ana tafi a kan kowace gaɓa, kafin a buɗe littafi. A koyi aikatau tare da wakilin sunansa a numfashi ɗaya, “il-za-riv”, kada a koyi *arrivent* tsirara. A riƙa jera tilo da jam'i kafaɗa da kafaɗa, “dor” da “dorm”, “li” da “liz”, har harshe ya saba rufe gaɓa ba tare da ya nemi wasalin jingina ba. Sai bayan nan a zo ga alƙalami, a gaya wa yaro a fili cewa wutsiyar nan ta ido ce, ba kunnensa ne ya gaza ba, kuma hanyar samunta ita ce ya tambayi kansa su wa suka yi aikin.

Kakanninmu da suka fara jin Bafaranshe yana cewa *l'école* ba su ga rubutun ba. Kunnensu ya ji “le-kol” a dunƙule, ba tare da iyaka tsakanin ƙaramar kalma da babba ba, suka ce lakwal. Ta fuskar nahawu sun haɗa kalma biyu, amma ta fuskar gaɓa sun yanka daidai inda Bafaranshen ya yanka. Yaron da ya rubuta *joue* da irin wannan kunne ya ji, kuma ya ji daidai. Abin da ya rage masa haruffa biyu ne, da malamin da zai gaya masa dalilinsu kafin ya ɗauki jan biro.